Sakamakon makarantar ya yi ƙasa: in nema wa ɗana canji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbi a wata sakandaren gwamnati da ke tsakiyar birnin da muke zaune. Na duba sakamakon jarrabawar ƙarshe ta bara, sai na ga waɗanda suka ci ba su kai rabi ba. Akasarin ɗaliban 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, da yawa kuma baƙi ne da harshen gidansu ya bambanta da wanda ake koyarwa da shi. Wata makarantar da ke unguwar masu hali ta fi ta nesa ba kusa ba. Malaman ne ba su iya ba, ko yaran ne? Ni uwa ce, hankalina bai kwanta ba. In nema masa canji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi gaggawa tukuna. Adadin da kika gani ya fi ba ki labarin yaran da suka shigo ta ƙofar makarantar fiye da aikin da aka yi a kansu bayan sun shigo.

Bari in yi miki lissafi na misali. A ce makarantu biyu ne, kowacce da ɗalibai 100. Ta farko ta karɓi yara 80 da suka zo da ƙarfinsu daga firamare, da 20 masu rauni. Cikin masu ƙarfin 64 suka ci, cikin masu raunin 6, jimilla 70. Ta biyu ta karɓi masu ƙarfi 20 kacal, da masu rauni 80. Cikin masu ƙarfin 18 suka ci, cikin masu raunin 32, jimilla 50. Duk wanda ya kalli 70 da 50 zai ce ta farko ce gwana. To amma ki sake dubawa. A ta biyu, yaro mai ƙarfi yana da damar ci kashi 90 cikin ɗari, a ta farko kashi 80. Mai rauni kuma kashi 40 a ta biyu, 30 a ta farko. Ko wane iri ne ɗanki, ta biyun ta fi masa, alhali ita ce ake yi wa kallon baya. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan ruɗani, har suna jingina shi ga Edward Simpson wanda ya yi bayaninsa a 1951.

Batun cewa gida na tasiri a kan sakamako ba zato ba ne. A 1966 James Coleman ya jagoranci wani gagarumin bincike a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000 a makarantu wajen 4,000. Ana sa ran zai gano cewa gine-gine da kayan aiki ne ke raba makarantu, sai ya tarar yanayin gidan da yaro ya fito ya fi su nauyi. Jarrabawar PISA, wadda OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ke yi wa 'yan shekara 15 tun 2000, ita ma kullum haka take nunawa a ƙasashe daban-daban. Dalilan kuwa ba na ƙwaƙwalwa ba ne. Yaron da ba shi da wurin karatu da dare, ko yake aiki bayan an tashi, ko iyayensa suka yi ƙaura sau biyu a shekara saboda kuɗin haya, ya fara tseren ne daga baya. Ƙaurar nan ita ce ciwon makarantun birni da ba a cika magana a kai ba: malami ya fara shekara da aji ɗaya, ya ƙare da wasu fuskokin, kuma a ɗora masa sakamakon yaron da ya zo wata uku kafin jarrabawa. Duk da haka, a PISA ta 2018 kusan ɗaya cikin goma na yaran da suka fito daga gidaje mafi talauci sun shiga sahun kashi 25 cikin ɗari na sama a gwajin iya karatu a ƙasashensu.

Su kuma baƙin yaran, a yi musu adalci. Jim Cummins, wani masani a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa yakan ci shekara 5 zuwa 7. Sai ki ji yaro na zuba a filin wasa, ya shiga jarrabawar kimiyya tambayar ta gagare shi, ba don bai san kimiyyar ba. Irin waɗannan kan ja matsakaicin maki ƙasa a farko, su yi tsalle daga baya.

Ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. Coleman ɗin nan ya gano cewa abokan aji ma na da tasiri, musamman a kan yaro mai rauni. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka nan makarantun da talauci ya yi wa katutu sun fi fama da sauyin malamai da sababbin shiga aiki. Damuwarki tana da tushe, sai dai ba a wancan adadin za ki sami amsarta ba.

Abin da ya dace ki nema shi ne ci gaban yaro daga inda ya fara. Ingila ta koma auna sakandarenta da haka a 2016, da ma'aunin da suke kira Progress 8: a ɗauki makin yaro yana ɗan shekara 11, a kwatanta sakamakonsa na shekara 16 a darussa takwas da na sauran yaran ƙasar da suka fara daga maki irin nasa. Idan ba a wallafa irin wannan a inda kike, ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki tambayi shugaban makarantar yadda yaran da suka shigo da maki irin na ɗanki suka ƙare. Shugaban da ya san aikinsa yana da amsa, wanda ya hau kame-kame ma ya ba ki amsa.

Ki kuma tambayi yara nawa suka fara ajin farko, nawa suka zauna jarrabawar ƙarshe. Wannan ce tambayar da na fi so, domin akwai makarantun da ke gyara sakamakonsu ta hanyar sallamar masu rauni ko hana su zama jarrabawa. Ita wancan ta unguwar masu hali, ki yi mata tambayar ita ma. Sai fashin makaranta: a Amurka da Ingila, yaron da ya rasa kashi 10 cikin ɗari na ranakun karatu ana lissafa shi mai yawan fashi, wato kwana biyu kawai a wata. Makarantar da ke kiran iyaye tun ranar farko da yaro ya yi fashi ta riƙe ragamarta. Kada ki dogara da shekara ɗaya kuma, ki nemi sakamakon shekara uku a jere, tunda rukuni ɗaya na iya zuwa da ƙarfi ko da rauni.

Akwai yanayin da zan ce ki nema masa canji ba tare da jinkiri ba: idan babu tsayayyen malamin lissafi ko na kimiyya tsawon zango guda, idan darasin da ɗanki ke buƙata don abin da yake son karantawa a gaba ba a koyar da shi, ko kika zagaya ana tsakiyar darasi kika tarar yara sun cika baranda ba mai ce musu kanzil. Idan ba ki ga ko ɗaya ba, ki bar shi ya yi zango biyu, kina duba littattafansa duk mako ki ga ko ana gyara masa aiki da jan biro, sannan mu sake magana.