Me ya sa muryar mawaƙan faifai ta sauya daga 1925?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sauraron tsofaffin fayafayan garmaho na Turawa a intanet. Na lura waɗanda aka yi kafin 1925 mawaƙin kamar ihu yake yi, kiɗan kuma a shaƙe, amma na bayan nan murya a sake take. Mawaƙan ne suka canja salo, ko na'ura ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lallai kana da kunne. Na'ura ce ta fara canjawa, mawaƙa suka bi sahu.

Kafin 1925 kusan duk faifan da ke kasuwa ba da lantarki aka ɗauke shi ba. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin muryarsa ne kaɗai ke girgiza ɗan siririn farantin da ke ƙarshensa, farantin ya motsa allura, allura ta tsaga layi a jikin kaki. Mai ƙaramar murya ba shi da rabo. Makaɗa sukan cunkushe a bakin mazurarin, a tura masu busa baya, a jawo masu goge gaba. In mawaƙiya za ta ɗaga murya sai ta ja da baya, don kada allura ta ɓata layin. Sauti mai kauri sosai da mai siriri sosai duk ba sa shiga, shi ne shaƙewar da kake ji.

Injiniyoyin kamfanin wayar tarho na Bell a Amurka, ƙarƙashin Joseph Maxfield da Henry Harrison, su suka warware matsalar. Makirufo ya mayar da murya lantarki, na'ura ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta tura allurar. Kamfanonin faifai na Victor da Columbia suka karɓi lasisin wannan fasaha daga Western Electric, reshen Bell mai ƙera na'urori, a 1925, amma da farko suka yi gum da bakinsu, gudun kada tsofaffin fayafayan da ke jibge a kantuna su yi kwantai. An yi gwaji tun kafin haka a Ingila, inda aka ɗauki sautin jana'izar sojan da ba a san sunansa ba a majami'ar Westminster a Nuwamba 1920, sai dai sautin bai yi kyau ba.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne irin mutanen da ƙofa ta buɗe wa. Art Gillham, mai kaɗa fiyano da ake wa laƙabi da mai raɗa, ya shiga ɗakin ɗauka na Columbia a Fabrairu 1925, kuma fayafayansa na cikin na farko da aka sayar na sabuwar hanyar. Bayansa su Gene Austin da Bing Crosby suka yi tashe da rera waƙa a hankali kamar hira. A ɗaya ɓangaren, a Maris na shekarar aka ɗauki mawaƙa kusan 850 a dandali guda a birnin New York, abin da mazurari ba zai taɓa iyawa ba. A Afrilu kuma jagoran makaɗa Leopold Stokowski ya shigar da ƙungiyar makaɗan birnin Philadelphia ɗakin ɗauka na sabuwar hanyar.

Wanda nake jin takaicinsa shi ne mawaƙi Enrico Caruso na Italiya. Ya rasu a 1921, don haka duk waƙoƙinsa ta mazurari suka bi. In ka ci karo da faifansa mai kiɗa tangaran, daga baya aka ɗora sabon kiɗa a kan tsohuwar muryar.