Re: Jirgin ruwan masoya Star Trek, ya rayuwar ciki take?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, kana so ka san yadda wuni ɗaya yake a cikin jirgin ruwan nan da ake shiryawa masoya Star Trek, shirin talabijin ɗin nan na Amurka kan tafiye-tafiye a sararin samaniya, da kuma ko musulmi zai iya zama ciki ba tare da ya takura ba wajen abinci da sallah. To ni dai na shiga na 2024, wanda ya tashi daga Port Canaveral a jihar Florida a ƙarshen watan Fabrairu cikin jirgin Mariner of the Seas, muka je Curaçao da Aruba muka dawo, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko ka gane cewa ba wai wani ɓangare na jirgin aka ware musu ba, a'a, jirgin ne gaba ɗaya masu shiryawa suke haya na sati guda, mutum kusan dubu uku kuma duk wanda ka ci karo da shi a lifta ko wajen cin abinci abu ɗaya ne ya kawo ku. Tun 2017 aka fara, William Shatner da kansa ne ya jagoranci na farkon, wato wanda ya fito a Kaftin Kirk a shirin asali na 1966. Su kuma jaruman a jirgin suke kwana suke tashi, ba inda za su gudu, teku ta kewaye kowa. Wannan shi ne abin da kake biyan kuɗi a kai gaskiya, ba ruwan ba kuma ba tsibiran ba. A taron masoya shirin da ake yi a otal jarumi zai zo ya yi awa ɗaya a dandamali mota ta ɗauke shi, amma nan sai ka gan shi da safe da silifas yana bin layin ƙwai kamar kowa. Akwai ladabin da mutane suke bi ba tare da an rubuta ba, in yana cin abinci da iyalinsa ba a damunsa, gaisuwa daga nesa ta isa.

Ni ranata da asuba take farawa, kuma wallahi wannan lokacin ya fi min komai daɗi don jirgin shiru yake, 'yan fati duk sun kwanta. Maganar alƙibla ba wuya, daga wannan yankin arewa maso gabas take, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda jirgin ya dosa, ka haɗa da kamfas ɗin wayarka shi ke nan. Jirgin babba ne, tsawonsa ya haura mita 300, don haka a tsaye za ka yi sallarka lafiya lau sai dai in teku ta ɗan tashi ka dafa bango. Abin da za ka kula da shi agogo ne, Aruba tana gaban Florida da awa ɗaya a wannan watan, waya kuma kan canja lokaci da kanta, to ka bi agogon da jirgin ya ce a bi, lokutan sallah kuma ka riƙa duba rana ko ka sauke jadawalin wuraren tun kafin ku tashi. Ɗakunan ciki masu araha ba su da taga ko kaɗan, in ba ka sa ƙararrawa ba sai ka kai goma na safe kana zaton dare ne.

Abinci kuwa sai wanda ka gaji da shi. Akwai babban wurin ɗibi-da-kanka a sama, kifi, shinkafa, wake, ƙwai, kayan lambu, 'ya'yan itace, har da irin girkin Indiya mai yaji wanda shi ya riƙe ni don ya fi kusa da bakinmu. Naman alade suna ci sosai musamman da safe, sai ka riƙa karanta 'yar takardar da ke gaban kowane kwano ko ka tambaya. Ma'aikatan da yawa 'yan Indonesiya ne da Indiya da Filifin, wasunsu musulmi ne, da sun ji sunanka za su fara nuna maka wanne za ka ci wanne za ka bari. In kana son naman halal takanas ka rubuta musu tun makonni kafin tafiya. Ka tafi da yajinka a leda, ka gode min daga baya.

Daga misalin tara na safe shirye-shirye suke farawa kuma ba sa tsayawa sai bayan sha biyun dare, uku huɗu a lokaci guda a zaure daban-daban, dole ka zaɓa wani ka haƙura da wani. Shawarata kar ka ce sai ka bi manyan sunaye kawai. Zaman tambaya da amsa da jarumai yana da daɗi amma yawancin labaran da suke bayarwa in kai tsohon mai bi ne ka taɓa jinsu a YouTube. Abin da ya fi tsaya min a rai laccocin masana kimiyya ne. Akwai Dr. Erin Macdonald, masaniyar ilimin taurari ce kuma ita ke ba masu rubuta shirin shawara, tana bayanin me ya sa babu abin da zai wuce haske gudu, kilomita kusan dubu 300 a daƙiƙa ɗaya, da yadda shirin ya zagaye wannan matsalar da cewa ba jirgin samaniyar ne ke gudu ba, sararin ne ake naɗewa a gabansa ana buɗewa a bayansa. Sai Dr. Mohamed Noor na Jami'ar Duke, shi kuma ɓangaren halittu da gado yake, yana ɗaukar tambaya irin ta raha kamar ya za a yi ɗan Adam da baƙuwar halitta su haihu a sami Spock, wanda a shirin uwarsa 'yar Adam ce ubansa kuma ɗan duniyar Vulcan, ya bi da kai ta nan har ka fahimci yadda ƙwayoyin gado suke aiki. Zauren cika yake, tsofaffi da yara kowa da biro. Har ajin koyon yaren Klingon, wasu baƙin halittu na cikin shirin, ana yi, yaren da wani masanin harshe Marc Okrand ya ƙirƙira musu, maƙogwaro kam zai sha aiki.

Ɗaukar hoto da jarumi ko sa hannu a hoto kuɗinsa daban ne, haka intanet, haka lemo, don haka ka yi lissafi da su. Ni hoto ɗaya na zaɓa, sauran lokacin na ba laccoci da hira da mutane.

Ranar da aka tsaya a tsibiri an fi sassauta shirye-shiryen. Willemstad, babban birnin Curaçao, ta yi kyau, gidaje kala-kala a bakin ruwa da wata gada mai yawo kan ruwa tun 1888 da ake janyewa gefe in jirgi zai wuce. Ka sauka ka miƙe ƙafa, amma ka dawo kafin lokacin da aka rubuta don jirgi ba ya jiran kowa.

Da dare ne abin yake kankama. Kowane dare da irin shigarsa, wasu wata shida suke ɗinka kayansu, za ka ga dattijuwa an shafe ta da shuɗin fenti da ƙahoni biyu a ka tana tura mijinta a keken guragu shi kuma da kunnuwan Vulcan masu tsini. Ni kaftani na sa da hula da ɗan bajon Starfleet, rundunar jiragen samaniya ta cikin shirin, a ƙirji, mutane suka yi ta tambayata daga wace duniyar aka ɗauko wannan, na ce musu Katsina. Bayan cin abinci akwai babban wasa a zauren sinima, jaruman suna waƙa ko karanta wasan kwaikwayo ko barkwanci, ana yinsa sau biyu don kowa ya samu. Bayan nan kuma fati ne da giya, ba zan ɓoye maka ba ana sha sosai, kuma daren Risa, sunan wata duniyar shaƙatawa a cikin shirin, a bakin wurin wanka shigar ba irin wadda za ka so ka kai iyali bace. Amma ba mai matsa maka, ka ce ba ka sha magana ta ƙare, akwai ɗakin da ake buga wasannin kan tebur har tsakar dare da inda ake haska tsofaffin shirye-shirye, can nake tafiya.

Abu biyu ka duba kafin ka biya ko sisi. In daga gida za ka taso, biza ita ce babbar magana, don a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya ta wata uku, shi kuma jirgin nan fita yake daga ƙasar ya dawo, to ka binciki dokar da ake kai yanzu, ka kuma tabbatar takardarka ta ba ka damar sake shiga. Sai azumi, ƙarshen Fabrairu ake yin tafiyar kuma a shekarun nan watan Ramadan nan yake faɗowa, ka duba kalanda da kyau. Ɗakuna suna ƙarewa da wuri don waɗanda ke cikin jirgin tun a can suke kama na baɗi, in ka yanke shawara ka nemi abokin raba ɗaki, farashin na mutum biyu ne, in kai kaɗai ne kusan ninki za ka biya, kuma in kana jiri ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a benen ƙasa.