Kafin ka ba dillali ko dala ɗaya a Bronx

Tambaya: Barista, ni mutumin Kano ne, shekarata shida ina tuƙin tasi a New York. Iyalina za su iso nan da wata uku. Na ga gida mai ɗaki biyu a Bronx, dala 2,100 a wata. Dillalin ya ce in kawo hayar wata ɗaya, ajiyar wata biyu, la'adarsa ta wata ɗaya, da dala 150 ta cike fom. Wani ɗan masallacinmu kuma yana da ɗakin ƙarƙashin gida, dala 900, amma ba takarda. Wanne zan kama?

Amsa: Malam, Allah ya kawo iyali lafiya. Na buga lissafin dillalin nan, dala 8,550 ke nan. A doka, in ba kai ka ɗauki dillalin ba, abin da za a iya karɓa a hannunka kafin ka shiga bai wuce 4,220 ba.

Tun 2019 dokar jihar New York ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ko da ya sauya masa suna. Kuɗin binciken bashi da tarihin ɗan haya ba ya wuce dala 20. In ka tashi, kwana 14 gare shi ya mayar maka da ajiyarka, tare da bayani a rubuce na duk abin da ya cire. La'ada kuwa, daga 11 ga Yuni 2025 wanda ya ɗauki dillali shi ke biyansa. Idan mai gida ne ya ba shi tallan gidan, ba ka da bashin kwabo. To ka tambayi kanka: kai ka neme shi ya yi maka yawon nema, ko tallansa ka gani ka kira? In na biyun ne, ka ce ya turo maka buƙatunsa ta saƙon waya. Galibi daga nan murya take sauka. In ya kafe, ka kira 311, lambar hukumar birni, ka kai ƙara.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ba ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: shin gidan yana cikin waɗanda hukuma ta ƙayyade ƙarin hayarsu? Su ne ake kira rent stabilized, kusan miliyan ɗaya ne a birnin, kuma Bronx cike take da su. Yawanci gine-gine ne masu gidaje shida ko fiye da aka gina kafin 1974, irin tsofaffin benayen titin Grand Concourse. A cikinsu hukumar birni ce ke yanke ƙarin kowace shekara. Na yarjejeniyar shekara ɗaya da ta fara daga Oktoba 2025 kashi 3 cikin 100 ne. Mai gida kuma dole ya sabunta maka yarjejeniya muddin ba ka saɓa sharaɗi ba. Gidan 2,100 irin wannan ya fi na 1,900 da za a iya ɗaga maka baɗi. Da zarar ka shiga, ka nemi tarihin hayar gidan daga hukumar gidaje ta jiha, kyauta ne. Na ga wanda ya gano ta nan cewa shekara da shekaru ana cutarsa.

Ka kuma yi rajista a Housing Connect, shafin intanet na hukumar birni, inda ake ƙuri'ar gidaje masu rangwame gwargwadon samun mutum da yawan iyalinsa. Ba a biyan komai, sai dai jira ne mai tsawo, kada ka ɗora zuwan iyali a kansa. Maganar sai samunka na shekara ya ninka hayar wata sau 40 al'adar masu gida ce, ba doka ba. Tun da tasi kake ja, takardun harajinka su ne shaidar samunka. Ka haɗa na shekara biyu da bayanan banki.

Ɗakin ƙarƙashin gida fa? Na san akwai kunya, mutumin da kuke sahu ɗaya ne. Amma a Satumba 2021 ruwan guguwar Ida ya kashe mutum 11 a irin waɗannan ɗakuna a birnin nan. Da yawansu ba su da izinin zama, kuma ranar da hukumar gine-gine ta liƙa takardar tashi a ƙofa, zumunci ba zai hana a fitar da ku ba. Ka duba adireshin a shafin hukumar ka ga ko an yarda a kwana a wurin. Ka tsaya a cikin ɗakin ka ƙirga hanyoyin fita. In ɗaya ce, ni ba zan sa yara a ciki ba.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka biya kafin ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga sunan mai shi a yarjejeniya. Ka biya da cak ko takardar kuɗi ta gidan waya. In tsaba ce, ka karɓi rasit nan take. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane bango, da murhu, da bututun ɗumama ɗaki.