Kafin ka ja layin ginshiƙi, tambayi abin da zai zauna a kai

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka fara zana ginshiƙan sabon ɓangaren gidan adana kayan kimiyya, alhali mai zanen gini ya riga ya ba mu tsawo da faɗi. Tsawo da faɗi ba su ishe mu ba. Sai mun san abin da za a ajiye a ciki, da nauyinsa, da ƙofar da zai bi ya shiga.

Daɓen gidan zama ana lissafa shi a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Zauren da jama'a ke zagayawa suna kallon kaya kan kai kilo 500. Wannan ma mai sauƙi ne, don nauyin mutane a baje yake. Abin da ke hana ni barci shi ne injin jirgi ko tsohuwar tarago, wanda duk nauyinsa ke sauka a kan ƙafafu ko tayu 'yan kaɗan. Daɓen da ya ɗauki ɗaruruwan 'yan makaranta lafiya lau, ƙafa ɗaya ta irin wannan inji tana iya huda shi.

Dubi abin da aka yi a gidan kimiyya da masana'antu na Shikago, a Amurka. Asalin ginin na baje kolin duniya ne na 1893. Tun 1954 jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, U-505, wanda aka kama a 1944, yake ajiye a waje, ruwan sama da ƙanƙara suna cin ƙarfensa shekara 50. Tsawonsa ya haura mita 76, nauyinsa wajen tan 700. Wace ƙofa ce zai bi? Sai aka haƙa rami mai zurfin bene huɗu, aka zuba daɓe da bangaye, aka turo jirgin a 2004 aka sauke shi a hankali, sannan aka rufe samansa. A 2005 aka buɗe zauren. Ka ga jirgin ne ya tsara komai, har da wane aiki za a fara da wanda zai zo ƙarshe. Ga kuma tafkin Mishigan a kusa. Rami irin wannan dole a yi lissafin ruwan ƙasa da ke tura bango, yana kuma neman ɗaga daɓe daga ƙasa.

Sai batun ratar da ka ga na bari tsakanin tsohon gini da sabo, wadda ka so mu cike da rodi mu ɗaure. Kada ka kuskura. Tsohon gini ya gama zama a kan ƙasarsa tuntuni, sabo kuwa yanzu zai fara. In ka ɗaure su, sabon zai ja tsohon, tsagewa ta fito a bangon da ba shi da laifi. Zafi ma yana da nasa: ƙarfe mai tsawon mita 50 yana ƙaruwa da kusan milimita 18 in zafi ya hau da digiri 30. Ratar ce ke shanye wannan motsi.

Gobe ka je wurin masu kula da kayan. Ka karɓo nauyin kowanne, da wuraren da yake taɓa ƙasa, ka kuma tambaye su abin da suke sa ran kawowa nan gaba. In ka dawo sai mu zauna a kan ginshiƙan tare.