Ku Tambayi Goggo: Ƙwai, Malta da Kunun Kanwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin nan kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk na abinci ne, wai kaza yana kisa, kaza yana ƙara jini, kaza mai ciki kar ta taɓa. Na tsinci guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu. Shekarun da na yi ina aikin awo da karɓar haihuwa a nan Garwa na ji camfi iri-iri, wani ya ba ni dariya wani kuma ya sa ni kuka.

Tambaya daga wata mai ciki a Domayo, Marwa: Goggo cikina wata biyar, uwar mijina ta hana ni cin ƙwai wai yaron zai fito da sanƙo kuma in ya girma zai yi sata, har yarona ɗan shekara biyu ta ce kar a ba shi. Ni kuma wallahi ƙwan nake kwaɗayi, ya zan yi?

Amsa: Ƴata ki ci ƙwanki. Ki dafa shi ya dahu sosai, ko ki soya har gwaiduwar ta kama jikinta, shi ke nan sharaɗin, ɗanye ko mai ruwa-ruwa ne bana so mai ciki ta ci saboda ƙwayoyin cutar gudawa. Gashin jariri gado ne, akwai wanda ake haifa da suma har goshi akwai mai kai tal, kuma na karɓi haihuwar iyayen da ba su taɓa ƙwai ba tsawon wata tara yaran suka fito da kai kamar ƙwarya. Maganar sata kuwa, haba jama'a, in ƙwai ne ke sa sata ai da duk mazan da ke zama teburin mai shayi da safe suna cin omlet da sufageti cikin burodi suna gidan yari yanzu. Kin lura ba a taɓa hana su ba? Mace da yaro kaɗai ƙwai ke lalatawa.

Ni a nawa ganin, kuma nawa ganin ne kawai, maganar ta samo asali ne tun lokacin da ƙwai jari ne a gida. A bar shi kaza ta ƙyanƙyashe, kaji su yi yawa a sayar a sayi akuya. Yaron da ya san daɗin ƙwai zai riƙa leƙa akurki, to maimakon a tsaya yi masa lissafi sai a ce masa ɓarawo zai zama. Dabara ce ta tsare dukiya, ta daɗe har aka manta dalilin aka riƙe maganar. Amma ƙwai guda ɗaya yana da wajen giram 6 na sinadarin gina jiki, ga bitamin A ga B12, kuma gwaiduwar tana da abin da ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinki take buƙata tana ginuwa. A gidan da nama sai ranar suna ko sallah, ƙwan zabi ko na kaza shi ne naman talaka. Yaronki ma tun yana wata shida ya kamata a fara murje masa dafaffe a cikin kunu ko faten wake.

Sai dai kar ki je ki ce wa Inna Goggo ta ce ba ta san komai ba, za ki ci ƙwai ki rasa zaman lafiya. Ranar awo ki roƙe ta ta raka ki, ki yi tambayar a gabanta ta ji daga bakin mai farin kaya. Ko ki faɗa wa maigidan ya sayo da kansa ya ce na likita ne. Tsofaffin nan son jikan ne ya sa suke hanawa, in suka ji jikan ake ginawa su da kansu za su riƙa ɓare miki.

Tambaya daga wani mai moto a Kuseri: Goggo matata tana yawan jiri, aka ce jininta ya yi ƙasa, kullum ina saya mata Malta da madarar gwangwani tana haɗawa, wani lokaci da tumatirin gwangwani. Wata biyu ke nan ba canji.

Amsa: Ɗana Allah ya saka maka da kula da iyali, amma kuɗinka kake zubarwa. Jini da sinadarin ƙarfe ake yinsa, wanda a asibiti za ka ji ana cewa fer, kuma madara kusan babu shi a cikinta, hasali ma tana rage yadda hanji ke tsotsarsa. Malta kuwa yawancinta sukari ne, shi ya sa in ta sha take jin ƙarfi na ɗan lokaci sai jirin ya dawo. Haka masu cewa zoɓo, folere ɗin nan da ake ƙullawa a leda, yana ƙara jini don ja ne, launi ne kawai na furen, ba jini ba ne, da ja ne ke yin jini ai da jan baki aka sha. Ku da kuke bakin kogin Logon ga kifi nan, ga hanta, ga nama, ga wake, ga ganyen zogale da rama, a matsa lemon tsami a kai don tsamin yana taimaka wa ƙarfen shiga jiki. Shayi kuma, na san ku da Injamena gada ce kawai tsakani kuma ba a gama cin abinci sai an ɗora buta, to shayi nan take bayan abinci yana riƙe ƙarfen, ta jinkirta kamar awa ɗaya. In tana da ciki hantar kar ta yawaita.

Babban abin dai, a gano me ke cinye jinin. Zazzaɓin cizon sauro ne, tsutsar ciki ce, jinin al'ada ne ke zuba da yawa, ko sikila? Kuɗin Malta na sati ɗaya ya isa ka kai ta a auna jinin a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta gaske.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ngaundare: Gaskiya ne in ka sha mangwaro ka kora da Coca ko nono za ka mutu? Kuma wai mangwaro na kawo zazzaɓi?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, iyakarta in ka cika ciki ya kumbura ka yi ta gyatsa. Zazzaɓi kuma sauro ne, mangwaro yana ƙarewa damina na shigowa sauro na yawa, sai laifin ya faɗa kan wanda aka gani a hannu. Ka wanke shi kafin ka sha saboda ƙuda, ka kwana cikin gidan sauro.

Tambaya daga wata amarya, Lagdo: Mijina masunci ne kullum akwai kifi a gida, ni kuma Bafillatana ce ba na iya yini ban sha nono ba. Dangin miji sun ce kifi da nono a rana ɗaya kuturta ne.

Amsa: Amarya kin ba ni dariya, auren naku ma ai kifi da nono ne, Allah ya ba da zaman lafiya. Kuturta ƙwayar cuta ce, wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, kuma ana ɗaukarta ne ta numfashi bayan an daɗe ana zama kusa da mai ita wanda bai sha magani ba, ba ta shiga ta tukunya. Tana warkewa, wata 6 zuwa 12 na magani, kuma kyauta ake bayarwa. Farin tabon da ke fitowa a fatar wasu shi ma ba ruwansa da kifi. Abin da zan ce ki kiyaye daban ne: madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha ko a kafa nono, don ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi. Kifin banda kuma na kasuwa ki san wajen wa kike saya, akwai marasa tsoron Allah da ke fesa masa maganin ƙwari don kar ya yi tsutsa. Naku na gida tunda daga ruwa zuwa tukunya ne ba ki da matsala.

Tambaya daga wata kaka a Yelwa, Garwa: Ƴata ta haihu haihuwar fari, nas ta ce a sa jaririn a nono nan take, mu kuma a saninmu ruwan farko mai rawaya ɗin nan datti ne a matse a zubar. Ta kuma ce kar a ba shi ruwa ko zuma, ta ce a rage kunun kanwa. Mu da aka yi mana duk wannan ba ga mu nan ba?

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya raya. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi a wurina don a nan ne camfi ke cin rai, ƙwai da mangwaro duk wasa ne. Ga mu nan ɗin gaskiya ne, amma ni da ke mun san yara nawa iyayenmu suka haifa kuma nawa suka rayu, waɗanda ba su rayu ba ba sa nan su ba da labari.

Dakashi ba datti ba ne. Makiyayi ma ya sani, maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba da wuya ya yi ƙwari, ba wanda zai tatse saniya ya zubar ya bar maraƙi da ruwa, to me ya sa ɗan mutum za a yi masa haka? Kaurinsa da rawayarsa garkuwar jikin uwa ce take miƙa wa jariri, shi ne rigakafinsa na farko, kuma shi ke turo baƙin kashin nan na kwanakin farko ya fita. Kar ki ga kaɗan ne, cikin jariri ranar farko cokalin shayi ɗaya ya kusa cika shi. Kuma tsotson da yake yi tun awa ta farko shi ke sa mahaifa ta tsuke jini ya ragu, shi ke kira nonon ya sauko. In an jira kwana uku ana ba shi ruwan zafi da sukari ko madarar akuya, sai a dawo ana cewa uwar ba ta da nono.

Ruwa kuma na san abin da ke ranki, zafin Garwa a watan Afrilu da ya wuce digiri 40 ace yaro ba ruwa, kamar mugunta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuma, wanda ba a ɗebo a rijiya ko randa ba. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa ta riƙa sa shi a nono a kai a kai har wata shida. Zuma a bari sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjin jariri bai iya kashewa ba, ta shanye masa jiki har numfashi.

Kunun kanwa fa, nan ne nake shan zagi a unguwa. Kanwa ƴar uwar gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki ya tayar da hawan jini yana cikinta fal. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da ke zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki zuciya ta gaza, suka danganta abin da kunun kanwa mai yawa haɗe da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa har arba'in. Ban ce a daina jego ba, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, a yi kunun gyaɗa, kunun tsamiya, farfesu, kanwar in dole sai an sa ta zama ɗan kaɗan don ɗanɗano ba dunƙule ba. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga da cikin kuwa ko kaɗan ɗin kar ta sha. In kika ga maijego ƙafa ta kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba sanyi ba ne ya shige ta, kar a ƙara mata wuta, asibiti a ranar.

Tambaya daga wani dattijo a Injamena: Ina da ciwon sukari, na daina sukari gaba ɗaya, zumar Adamawa nake sa wa a shayi tunda magani ce. Amma awo yana nuna sukarin bai sauka ba.

Amsa: Baba, albarkar zuma ba wanda ke musu, Suratun Nahli ta ambace ta, amma wajen kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, jininka bai san wannan daga saƙar ƙudan zuma ya fito wannan daga leda ba. Ka ƙirga kofi nawa kake sha a yini, kowane da cokali biyu, ka ga inda awon yake samo lissafinsa. Haka dabino da yawa, da folere mai zaƙi, da malmalar tuwo uku a zama ɗaya. Ka rage shayin ko ka koyi shan sa haka nan, miya da ganye da wake su fi tuwon yawa a kwano, bayan la'asar a ɗan taka ƙafa, magani kuma kar a ajiye shi don an samu zuma. Ka rubuta awon safe na sati biyu a takarda ka kai wa likitanka, sannan ka sake rubuto mini in ji yadda aka yi.