Wata bakwai da samun lasisi: in zauna a ƙauye ko in koma Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na gama makarantar koyon jinya, na samu lasisi, aka tura ni wani ƙaramin asibitin gwamnati a ƙauye cikin Jigawa. Wata bakwai ke nan. Dutin dare ni kaɗai nake kwana, wani lokacin da fitilar waya nake neman jijiya. Yanzu wani asibitin kuɗi a Kano ya ce in zo, kuma albashinsu ya ɗara nawa. In tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a wasiƙarki "ni kaɗai" ɗin nan ce ta tsaya min a rai, fiye da maganar albashi.

Lasisin da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ba ki izinin aiki ne, hannu kuwa a wajen manya ake samunsa. Ranar da aka shigo miki da mai ciki cikin amalanke ƙarfe biyun dare, tana jijjiga, jininta ya hau, kin san sunan maganin tun a aji: magnesium sulphate. Amma wa zai tsaya kusa da ke ki auna shi, ya tuna miki ki riƙa duba numfashinta da fitsarinta? Ni wata tsohuwar metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ce ta koya min sa allurar ƙarin ruwa ga yaron da gudawa ta ƙwaƙule masa ido, ta riƙe hannuna da nata har na ji jijiyar. Idan akwai irinta inda kike, ko da rana kawai take zuwa, kada ki yi gaggawar tashi. Idan babu, to ki nemi inda take.

Sai dai barin ƙauyen daban, barin aikin gwamnati daban. A ƙa'ida sai kin yi shekara 2 ake tabbatar miki da aiki, daga nan ne ake maganar ƙarin girma da hutun ƙaro karatu, misali fannin jinyar ƙashi a asibitin Dala. Kin ajiye yanzu, wata bakwai ɗin sun tafi. Kuma duba takardunki: in jiha ce ta ɗauki nauyin karatunki, wataƙila kin sa hannu kan yarjejeniyar yi mata aiki na wasu shekaru.

Shi kuma asibitin kuɗin, je ki da ƙafarki ki tambayi masu aiki a ciki. Nas nawa ke kwana? Albashi na zuwa ƙarshen wata? Akwai takardar ɗaukar aiki da fansho? Sannan ki cire kuɗin haya da na adaidaita sahu, ki ga abin da ya rage daga ƙarin nan. Sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Wasu wuraren ma nas ɗaya ce mai ba da magani, mai karɓar haihuwa, mai karɓar kuɗi.

Da ni ce, sai in fara rubuta takardar neman sauyin wurin aiki ta hannun shugaban asibitinku, zuwa babban asibiti kamar na Jahun, Haɗeja ko Gumel, inda akwai likitoci da manyan sistoci. Ki rubuta dalilin ƙarara: sabuwa ce ke, kuma ke kaɗai kike kwana. Ki riƙe kwafi, ki kai wani ga reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya, su taya ki bibiya.