Amsoshin tambayoyinku: gatari, zarto da ƙotar da ba ta kai kaka

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan kayan aiki suke. Mutane da dama da yaƙi ya kora sun koma gidajensu a Sinnar, Sinja da Madani a nan Sudan, sun tarar ko fartanya ba a bar musu ba, kowa yana sake haɗa kaya da ɗan abin da ya rage a hannunsa.

Wani matashi daga Mai Wurno: "Baba, kuɗin gatari ɗaya gare ni. In sayi na maƙera ko na kanti mai jan fenti? Na kantin ya fi kyau a ido."

Ɗana, sayi na maƙera, amma ka tambaye shi da wane ƙarfe ya ƙera. In ya ce sifirin mota ne, ka samu. Ka karɓi magagari ka goga a bakin. In ya ci shi kamar sabulu, ƙarfen ya yi laushi, zai lanƙwashe. In ya zame bai kama ko kaɗan ba, ya yi tauri da yawa, ranar da ya haɗu da busasshiyar bagaruwa zai ɓare. Wanda magagari ya kama kaɗan-kaɗan shi kake nema. Akwai na waje masu kyau, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfinka, masu arahar kuma fenti ne ke rufe ramukan da ke jikinsu. Maƙeri yana garinku, in baki ya lalace ka koma masa ya sake sa shi a wuta. Kakanninka da suka iso nan bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903 da irin wannan gatarin suka share daji.

Wani manomi daga Gadarif: "Malam, a damina ɗaya na sayi ƙota uku. Ta farko ta tsage, ta biyu ta karye a wuya, ta uku ruwan gatarin yana ta girgiɗi a cikinta. Ko hannuna ne ya yi nauyi?"

Ɗan'uwa, hannunka lafiya lau yake. Ɗanyen itace aka sayar maka, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mahaifina masassaƙi ne. A bayan ɗakinsa akwai rumfar zana, can sama a kan ƙyaure yake jera guntayen itace, kowanne ya yi masa alama da gawayi a gindi don ya san lokacin da aka saro shi. Wanda aka saro bana ba ya taɓa shi sai baɗi. Na sha ganin mutum ya zo da kuɗi a hannu yana roƙo, shi kuwa ya ce masa ya yi haƙuri, waɗanda suka bushe sun ƙare. Yau ka shiga kasuwar mako, za ka ga an zube ƙotoci a ƙasa, baƙi ƙirin suna sheƙi. Ɗauki ɗaya ka shinshina, warin baƙin man mota za ka ji. Dushe ne, wanda ake kira talha a nan, aka saro shekaranjiya, aka fere jiya, aka shafe shi da tsohon man inji don ya yi kama da tsohuwar bagaruwa. Dushe itacen gawayi ne da turaren hayaƙin mata. Kafin wata uku ƙwaro ya huda shi, ka ga gari yana zuba daga ƙananan ramuka. Wanda ya sayar maka ya san haka sarai, kuma wannan ha'inci ne ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba.

Ɗanyen itace yana tsukewa idan ya bushe. Shi ya sa gatarin da ya zauna daram ranar kasuwa yake girgiɗi bayan mako biyu. Sai a ce maka ka jiƙa shi a ruwa. Zai kumbura ya kama na kwana ɗaya, in ya sake bushewa ya fi da sakwarkwacewa, domin ƙarfen ya riga ya murƙushe naman itacen. Na ga ƙarshen irin wannan da idona. Wani maƙwabcinmu yana faskare a ƙofar gida, ruwan gatarin ya fice ya sami ƙafar ɗansa da ke zaune yana kallo. Yaron ya warke, amma har yau yana ɗingishi.

Karyewa a wuya kuwa yawanci daga zarto take. Itace yana da jijiya da ta miƙe daga gindi zuwa sama. In aka tsaga shi, tsagar tana bin jijiyar, ƙota ta fito da ƙarfinta. In aka yanka shi da injin katako, an ratsa jijiyar, kuma a daidai inda ta fita gefe nan za ta ɓalle. Kafin ka biya, ka bi layukan jikin ƙotar da ido tun daga kai har gindi. Ka ƙarci gefe da wuƙa: cikin bagaruwa ja ne mai duhu, dushe fari-fari ne. Ka ƙwanƙwasa ta a kan dutse, busasshiya tana amo, ɗanya tana yin dum. Ka ɗora ta a kumatunka, ɗanya tana da sanyi. Mai kayan da ya hana ka ƙarta, ka ajiye masa kayansa ka yi gaba.

Ku ma masu saye kuna da naku laifin. Mutum zai kwashe rabin yini yana ciniki don a rage masa abin da bai kai kuɗin shayi biyu ba, sannan ya zaɓi mafi araha. Ka lissafa ƙota uku, ka haɗa da kuɗin mota zuwa kasuwa sau uku, ka haɗa da yinin da ka rasa a tsakiyar noman ridi lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Da ka sayi guda ɗaya ta marke ko bagaruwa a hannun masassaƙin da aka san gidansa, da tana nan har yanzu. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi duka shi ne ka tanadi taka. Bayan darat, wato kaka, idan an gama girbi ƙasa ta bushe, ka nemi reshe mai kaurin ƙwauri, wanda yake da kai a inda ya rabu da uwarsa, domin nan ne ramin fartanya ba ya tsagewa. Ka fara yanka shi kaɗan ta ƙasa, sannan ka gama ta sama, don kada ya yage ɓawon uwar. Ka bar shi ya fi tsawon da kake so da kamar taƙi ɗaya, ka shafe bakunan biyu da kakin zuma ko tsohon fenti, ka ɗora a inuwa nesa da ƙasa saboda gara. Kada ka shanya a rana, tsagewa zai yi. Wata shida shi ne mafi ƙaranci, mai kauri kuma ya shekara. In ka sassaƙe ka shafa man ridi, ga shi nan a garinku. Marke ya fi dacewa da gatari, bagaruwa tana da nauyi amma ba ta gajiya, darbejiya ta isa ƙaramar fartanya, itacen kafur kuwa ka bar wa rufin ɗaki.

Wani daga Sinja: "Ina so in ci bashi in sayi injin yankan itace don in riƙa yin ƙotoci. Akwai kuma tsohuwar gonar dakwara kusa da mu da zan fara da ita."

Haba malam! Bashi don ƙota? Injin yana shan fetur da baƙin mai, ga sarƙa da ke dakushewa, ga kayan gyara da sai ka aika Kasala ko Bur Sudan. Ƙota nawa za ka sayar kafin ka biya? Gatari, gizago da zarto sun isa wannan sana'a. Dakwara kuma, hashab ɗin da ake tsaga don ƙaro, da ita ƙasar nan ta yi suna a duniya, kuma kowace shekara tana ba mai ita kuɗi. Ba ka ma faɗa mini ko gonar taka ce ba. Ka bar ta.

Wata uwa daga Damazin: "Malam, mijina ya rasu. Ɗana mai shekara 16 ya ce zai riƙa shiga daji yana saro itace ya sayar wa masassaƙa. Ina tsoro, amma muna bukatar abin da zai kawo. In hana shi?"

Allah ya jiƙan maigidanki, 'yar'uwa, ya raya miki wannan yaro mai zuciya. Tsoronki yana kan hanya. Kada ki hana shi sana'ar, ki hana shi fita shi kaɗai. Ki nemi wani babba cikin dangi ko unguwa da ya san sara, ya bi shi rani guda. Ya fara da rassa, domin yawancin ƙotoci ba sa bukatar a kayar da itace.

Ki kuma ja masa kunne a kan inda zai sara. Dazuzzukan bagaruwa, wato sunut, da ke bakin kogi daga Rusairis zuwa Sinnar, da yawansu na gwamnati ne, daga cikinsu ake yanko katakon shimfiɗa layin dogo. Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke kula da su. Ya je ofishinsu ya tambayi inda aka yarda a sara, ya karɓi takarda. In aka kama shi babu ita, gatarin da itacen duka za su tafi. Aduwa da kurna da tsamiya ya ƙyale su, mutane da dabbobi suna ci daga jikinsu.

Ranar da zai kayar da na farko, ga abin da nake so ya riƙe. Ya ɗaga kai ya ga inda itacen ya karkata, ya duba busassun rassa da gidan zuma. Ya share ƙarƙashi, ya san hanyar da zai bi ya kauce, ta baya amma a karkace. Ya sari baki da gatari a gefen da yake so ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. Sai ya zagaya baya ya sa zarto, sama da gindin bakin da kamar yatsu biyu. Kada ya yanke har ƙarshe. Ya bar ɗan tsakani, shi ne ke riƙe itacen ya kwantar da shi inda aka nufa. In zarto ya maƙale ya buga weji na itace a bayansa. Da ya ji ƙara ta farko ya saki komai ya kauce. Kada kowa ya tsaya kusa, nisan tsawon itacen sau biyu. Ranar iska ya zauna a gida, kuma ki saya masa takalmi rufaffe kafin ki saya masa komai, silifas ba na daji ba ne. Ki sake rubuto mini bayan ya fara, ina so in ji yadda yake.

Wani daga Madani: "Sabon zartona yana maƙalewa a ɗanyen itace. Jabu ne?"

Wataƙila na kafinta ka saya, mai ƙananan haƙora, wanda aka yi don busasshen katako. Nemi zarto mai baka, ka sa masa ruwa mai manyan haƙora masu tazara. In bakin haƙoran baƙi ne, an gasa su, magagari ba ya cin su, in sun dakushe sai dai ka sake ruwan. Saboda haka ka sayi biyu tun yanzu.

Wani daga Kasala: "Itacen miskit ya cinye mana gona. Yana yin ƙota?"

Yana yi, kuma shi kam sare shi ba ka cuci kowa ba. An shigo da shi ƙasar nan a 1917, ya bazu a Gash da Tokar da Sabuwar Halfa har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Cikinsa yana da tauri, sai dai da wuya ka sami miƙaƙƙe mai tsawo, don haka ka yi ƙotar lauje, guduma da ƙaramar fartanya da shi. Ka yi hattara da ƙayarsa, tana ratsa takalmi, sukarta kuma tana saurin yin ruwa. In gonar kake son ƙwatowa, sara a sama ba ya kashe shi, sai ka haƙa ka cire kututturen daga ƙarƙashin ƙasa, in ba haka ba da ruwan farko zai tofo.